Zanin aro da ya ƙetarar da ni Logon

Ƙarar da gindin jirgin yake yi a kan yashi ce ta ɗauke, a nan gabana ya faɗi. Ina durƙushe a tsakiyar kwale-kwalen ina neman inda zan ajiye kwanon dubulan ɗin da aka aiko ni da shi. Mata sun cika ko'ina, wannan ta miƙo mini jaka, waccan tana yi mini nuni da hannu in matsa. Da na ɗaga kai sai na ga ruwan kogin Logon ya shiga tsakaninmu da gaɓar Kuseri. Mai jirgi ya riga ya dafa gorarsa ya tura.

Na ce, "Malam, tsaya, ba da ni za a tafi ba."

Na faɗa da Hausa, na maimaita da Fulatanci, na ƙara da Faransancin makaranta. Ya yi mini murmushi kamar na gaishe shi, ya ja igiyar inji. Daga nan ni kaina ban ƙara jin muryata ba.

Mu 'yan keke ne daga Garwa. Ƙungiya ce ta matasa, yawancinmu maza, mu mata ba mu cika yatsun hannu ɗaya ba. Mun taso daga gida mun bi ta Figil, mun kwana a unguwar Domayo cikin Maruwa, inda masu babur suka yi ta bin mu suna danna oda kamar an ɗauko amarya. Bayan Mora aka ɗora kekunanmu a babbar mota, muka bi ayarin da sojoji ke rakawa, don wannan yanki ba a bin sa a keke. A cikin motar nan ne kowa ya kwashe labaran tsoron da ya taɓa ji ya zuba mana. Sai kusa da Kuseri aka sauke mu, muka shiga gari a kan kekunanmu da rigunanmu ruwan ɗorawa, muka je har bakin gada muka ɗauki hoto da ƙasar Cadi a bayanmu, a ƙetaren kogin.

Shugaban tafiyar, wanda muke kira Shef, yana da tsarinsa. Tun ranar da muka bar Garwa ya karɓe katin shaidar kowa ya zuba a wata jakar fata da yake ratayawa a wuya. In mun iso shinge shi kaɗai yake sauka ya nuna, mu muna tsaye da ƙafa ɗaya a ƙasa muna shan ruwa. Tsarin ya yi mana daɗi har muka manta mutum yana yawo da katinsa.

Ni kuwa da sharaɗi na fito. Babana kayan keke yake sayarwa a kasuwar Garwa, shi ya haɗa mini nawa da hannunsa, ƙarfe daga nan, taya daga can. Da zan tafi ya raka ni ƙofar shago ya ce, "Ki je ki ga Kuseri, amma ruwan nan kada ki ƙetare shi. Ranar da aka kira ni aka ce an riƙe ki a wani wuri, ranar zan kwance keken nan in rataye tayoyinsa a sayar." Babana ba ya faɗar magana sau biyu.

Ga ni a tsakiyar ruwan da ya hana, ba kati, ba waya, sanye da kayan da ba nawa ba.

Yadda kayan suka zo jikina kuwa abin dariya ne. Ranar hutu ce. An sauke mu a gidan wata Hajiya, 'yar gidan tsofaffin fatake da kakanninta suka zo daga Kano suka zauna. Da sassafe maza suka baje a zaure, masu shafa wa sarƙa mai suna yi, masu faci suna yi, ana ta zagaya shayi. Kowa yana tafiya a buɗe saboda ciwon sirdi, kowa kuma yana yi wa ɗan'uwansa dariya. Wayoyinmu duka an jibge su a kan tabarma a jikin soket ɗaya. Ni da ƙawata, wata Kirista 'yar duwatsun Mokolo wadda ta fi kowa hawan tudu, muka wanke duk abin da muka mallaka muka shanya. Abin da ya rage a jikina dogon wandon keke ne da wata tsohuwar riga.

Hajiya ta dube ni daga kan tabarmarta, ta miƙe ƙafa ɗaya da ta kumbura. Ta ce, "Ɗiyata, haka za ki yini kamar mai shirin kokawa? Buɗe akwatin nan ki ɗauki na sama."

Na sama atamfa ce sabuwa, kore mai zanen kifaye, riga da zani da kallabi. Rigar ta yi mini yawa, ƙawata ta kama bayan da fil tana cewa na zama uwar gida. Sai Hajiya ta ce tunda na yi kyau in taimake ta. Ana sunan jikar ƙanwarta yau, gwiwa ta hana ta zuwa, ga kuma baƙi a gida. In kai wannan kwanon dubulan bakin ruwa in ba wata tsohuwa da ake kira Iya, ita za ta tafi da shi. Ba ta ce mini gidan sunan a wata ƙasa yake ba. Mutumin Kuseri ba ya ganin wannan abin faɗa ne. Ni kuma 'yar Garwa ce, a wurinmu in ka ƙetare kogin Binuwai kana nan gida, gona ka je ko kasuwa. Ko da na iso na tarar da mata jingim sanye da irin atamfar jikina, abin da na ce a raina kawai shi ne, ashe anko ne. Suka ga kifaye a jikina, suka ga kwano a kaina, wata ta kama hannuna ta taimaka mini na taka cikin jirgi. Na ɗauka ajiyewa zan yi in fito.

Wata tsohuwa siririya mai zane uku a kumatu ce ta ja gefen zanina na zauna a kusa da ita. Ashe ita ce Iya. Ta kama bakin rigar ta juya shi tana duba ɗinkin. Ta yi magana da Hausa mai gardin Larabci.

"Wannan na Hajiya ne. Ke 'yar wa ce a gidan?"

"Baƙuwa ce, Iya. Kwano kawai aka ce in kawo."

"To ai kin kawo. Zaninta ya zo, kwanonta ya zo, Hajiya ta zo ke nan."

Ta juya ta sanar da matan da Larabci, jirgin ya ɗauki guɗa. Na matsa kusa da kunnenta na ce ba ni da kati, yana wuyan wani mutum a zaure. Ta dube ni sosai, sannan ta ɗora tafin hannunta a kan gwiwata ta bar shi a nan har muka sauka.

"Da jirgin nan muka zo, da shi za mu koma kafin la'asar. Ki riƙe kwanon kada ya jiƙe."

A wancan gefen akwai wani mai kaki zaune a gindin bishiya. Ya ɗaga wa Iya hannu, ya yi mata barka, muka wuce a jere kamar agwagi. Ban waiwaya ba. Har yau in na ji ƙarar injin jirgi a Binuwai sai in tuna tsoron ranar nan, amma gaskiya ita ce abin da ya biyo baya yana cikin ranaku mafi daɗi da na taɓa gani.

Gidan sunan babba ne, an shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin rumfa, hayaƙin turaren wuta ya haɗu da na gasasshen rago. Tunda ni ce Hajiya, wurin Hajiya aka kai ni, tsakiyar manyan mata masu zinare a hanci. Kafin in gyara zama an ɗora mini jaririyar a cinya. Ja ce sosai, gashinta a kwance, an zizara mata kwalli har gira. Na roƙi Iya ta kira gidan Hajiya. Ta kwance wata 'yar waya daga bakin mayafinta ta kira, ta yi bayani, sai na ji dariyar Hajiya tana fitowa daga wayar har da tari. Na karɓa na ce, "Hajiya, don Allah ki gaya wa Shef kada ya kira babana." Abin da na ji kawai shi ne, "A ba ki kasona ki taho da shi," sai layin ya yanke. Muka sake gwadawa bai shiga ba.

Aka kawo abinci. Ban taɓa cin kisra ba sai ranar, wata irin waina ce sirara mai ɗan tsami da ake yagowa a dangwali miyar kuɓewa. Ga kifi, ga naman suna, ga jan shayi a ƙananan kofuna wanda sukarinsa yake kama haƙori. Na ce ba zan iya ci ba, tsoro ya cika mini ciki. Na ci loma ɗaya don kada a ce na raina. Mai keke da ta kwana biyu a hanya ba ta san loma ɗaya ba. Da na farga, wata mata tana tura mini faranti na biyu tana cewa wani abu da ya sa kowa dariya.

Iya ta fassara. "Ta ce Hajiya ba ta taɓa ci haka ba, yau ta samu lafiya."

Wurin wanke hannu ne asirina ya tonu. Safar keke tana rufe tafin hannu ta bar yatsu a waje, don haka yatsuna sun yi baƙi ƙirin, bayan hannun kuma ya yi fari, da layi a tsakani kamar an ja da alƙalami. Wata ta kama hannun tana juyawa, ta ɗauka wani sabon salon lalle ne na mutanen kudu. Na gaya wa Iya rana ce. Ta ce wace irin rana ce take zaɓen yatsu? Sai na ba ta labarin keke.

"Daga ina?"

"Daga Garwa."

"Garwa ta Binuwai? A keke? Ke?"

Ta miƙe tsaye ta tafa hannu, masu ganga suka tsaya, ta yi shela. Ban ji abin da ta ce ba sai kalmar Garwa da kalmar velo, wato keke. Matan suka yo kaina. Wata ƙatuwar gwaggo ta ɗaga gefen zanina, ta ga wandon keke, ta matsa sha-raɓata da yatsu kamar mai tayin rago, ta gyaɗa kai. Wata ta ce ƙarya ne sai ta gani. Aka shiga wani ɗaki aka turo wani tsohon keke baƙi na kakan jaririya, mai nauyin jaki, sirdinsa an naɗe shi da tsumma, birki ɗaya ne ke ci.

Na miƙa jaririyar, na tattare zanin Hajiya na soke a ƙugu, na hau. Da ƙafata ta taka feda sai komai ya dawo daidai. Na zagaya tsakar gidan, na ratsa tsakanin tukwane da turmi, na saki hannu ɗaya na gyara kallabi. Masu ganga suka kama kiɗa daidai da juyin ƙafata, in na yi sauri su yi sauri. Wata ta bi ni da kwalbar turare tana fesa mini duk lokacin da na gifta. Mai jego ta fito bakin ƙofa tana dariya tana riƙe da cikinta, tana roƙon a bari don dariyar tana yi mata ciwo.

A zagaye na gaba Iya ta tsaya a gabana ta ɗaga hannu kamar mai tsayar da babur.

"Ɗauke ni."

"Iya, za mu faɗi."

"Kin kawo kanki daga Garwa, ni ce za ki kayar a tsakar gida? Ni ko nauyin buhun gawayi ban kai ba."

Ta hau kariya, wurin ɗora kaya na baya, a karkace, ta rungume ƙuguna, ta ƙanƙame ido. Muka zagaya. Tana salati da Larabci, tana zagina da Hausa, tana cewa in ƙara wuta. Da ta sauka ta gyara mayafi ta ce wa matan, wai tun tana yarinya take so, babanta ya ce mace ba ta hawa. Mai jego ta aiko a gaya mini in 'yarta ta girma za ta turo mini ita Garwa. Na yi rawa ranar, ni da ko a bikin gidanmu ba na tashi. Na manta da kati, na manta da jakar fata, na manta da tayoyin da za a rataye.

Bayan azahar iska ta taso. Wani ya shigo ya yi magana da Iya, na ga ta saci kallona. Ta zo ta zauna kusa da ni ta ce ruwa ya yi fushi, mai jirgi ya ce ba zai ɗauki mata da kaya a haka ba. Uban jaririya ya samo mota, ta gada za a koma.

Na san gadar, jiya na tsaya a bakinta. Na ga yadda ake sauke mutane daga mota su bi layi a ƙafa, kowa da takardarsa a hannu. Aka ɗora mini kason Hajiya a kwanon da na zo da shi, nama da kisra da goro da turare a ƙulle, na riƙe shi a mota da hannu biyu don in samu abin da zan riƙe. Matan suna ta waƙa. Ni ina ganin shagon babana, ina ganin ƙusar da ke bango inda yake rataye tayoyi.

Da aka sauke mu Iya ta ce, "Shiga tsakiya, ɗora kwanon a ka, kada ki yi magana. Yau duk kifaye ne mu."

Muka doshi shingen. Jami'in wani dogo ne mai furfura a gemu. Ya san su, suna gaisawa, kowace tana ɗaga 'yar takardarta yana gyaɗa kai. Na kusa wucewa. Sai na ga idonsa ya sauka ƙasa. Ƙafafun matan duka silifa ne da takalman biki masu ƙyalli, lalle ya yi ja a dugadugai. A tsakiyarsu ga kambas ɗina mai ƙura, da tabon man sarƙa a gefe.

"Mademoiselle," ya ce. "La carte."

Kati yake nema. Iya ta shiga tsakaninmu ta buɗe wuta da Larabci, tana nuna ni, tana nuna kanta, tana juya hannaye kamar feda. Ya bar ta ta gama. Sannan ya ce da ni cikin Faransanci in faɗa da bakina.

Na faɗa. Na ce aiko ni aka yi da kwano, zanin na aro ne, katina yana wuyan shugabanmu a Kuseri, ban san jirgin wata ƙasa zai je ba. Hawaye suna zuba, ba ni da hannun sharewa.

Ya ce, "Masu riguna ruwan ɗorawa na jiya? Da kuka tare hanya kuna hoto?"

Na ce mu ne.

Ya dubi kambas ɗin, ya dubi yatsuna a bakin kwano. Bai yi dariya ba, bai kuma ce in wuce ba. Ya ce in tsaya a gefe, ya shiga ɗan ɗakinsu ya ɗauki waya. Aka ce sauran mata su tafi. Suka ƙi. Suka tsaya a bayan shingen, kore jingim, iska tana kaɗa mayafansu. Iya ta zauna a kan wani dutse kusa da ni ta fasa goro, ta miƙo mini rabi. Ban san tsawon lokacin da muka yi ba. Manyan motoci suna wucewa, gadar tana girgiza a ƙarƙashin ƙafata.

Da ya fito sai ya ce in biyo shi. Muka hau gadar a ƙafa, shi a gaba, ni da kwano, Iya da matan a bayanmu. Ruwan a ƙasa ya yi launin ƙasa, yana tumbatsa. Ban san inda Cadi take ƙarewa ba, ba wani layi da na gani. Can gaba na hango ruwan ɗorawa. Shef ne tsaye da wani jami'in namu, jakar fata a wuyansa. Ƙawata tana gefensa da rigarta da ba ta gama bushewa ba, tana riƙe da keke biyu, nata da nawa.

Shef ya zaro katin ya miƙa. Dogon ya duba hoton, ya dube ni, ya ce in ɗaga kallabin kaɗan. Shef ya miƙa hannu zai karɓa, amma mutumin ya tsallake hannunsa ya ba ni.

"Wannan a jikinki yake kwana daga yau," ya ce. Ya juya ga Shef. "Da na sauran."

Shef ya ce to. Mutumin ya yi wa Iya sallama, ya koma.

Ƙawata ta sauke mini kwanon, ta shinshina ni ta ce, "Mu muna can muna neman ki a kasuwar kifi, ke kina can ana yi miki wankan turare. Akwai nama a ciki?"

Na dubi Shef, na ce, "Babana fa?"

Ana kiran la'asar daga masallatan Kuseri, wani kiran yana amsawa daga bayanmu. Shef ya cire jakar daga wuyansa ya riƙe a hannu.

"Ban kira kowa ba, ƙanwata. Hajiya ta zauna a kan wayata ta ce sai na gan ki da idona. In mun koma Garwa ke za ki ba shi labari da bakinki, bayan kin jingine keken a ƙofar shago. Shi ke nan, kina gida. Gobe da asuba akwai hanya."

Na kama kan kekena da hannu biyu na jingina goshina a kai. Iya ta zagayo, ta daddana tayar baya da babban yatsa, ta tambayi ƙawata me ya sa wannan ba shi da kariyar da za ta hau.